Ɗan giwar da ke ba mu dariya a fim, ina uwarsa?

A ƙarshen fim ɗin Hatari! na shekarar 1962, 'ya'yan giwa uku sun faɗa garin Arusha a guje suna neman matar da ta raine su. Suna kutsawa cikin kantuna, suna watsar da kaya, jama'a na ta neman wurin ɓuya. Don a yi dariya aka shirya wurin, kuma har gobe idan aka yanko shi aka ɗora a Facebook ko YouTube sai ka ga ana ta yabawa, ana cewa a da ne ake fim na gaskiya, babu dabarar kwamfuta. Lallai giwayen na gaske ne. Shi ya sa ma nake ganin ya kamata mai kallo ya tsaya ya tambayi kansa yadda aka yi 'ya'yan giwa har uku suka zo hannun mutane. Giwa wata 22 take yi da ciki, ɗanta kuma yana shan nono shekara biyu ko fiye, yana tafiya tsakanin ƙafafun uwarsa da gwaggwanninsa. Ba tsintarsa ake yi a bakin hanya ba.

Howard Hawks ne ya ba da umarnin fim ɗin, John Wayne ne babban jarumi, kuma an ɗauke shi a arewacin Tanganyika daf da samun 'yancinta a watan Disamba na 1961. Labarin wasu Turawa ne da sana'arsu ita ce kama namun daji da rai su sayar wa gidajen zu na ƙasashen waje. Ga yadda ake kamun kamar yadda kyamara ta nuna. An ɗaura wata kujera a gaban babbar mota, gefen fitila, mai kamu ya zauna a kai an ɗaure shi da bel, yana riƙe da doguwar gora mai zargen igiya a bakinta. Direba ya bi raƙumin dawa ko jakin dawa ko karkanda a guje cikin ƙura, wata ƙaramar mota na tare dabbar daga gefe, har sai ta gaji numfashinta ya yi sama. Sannan a zarga mata igiya a wuya, a taru a kanta, a ɗaɗɗaure ƙafafu, a ja ta zuwa cikin akwatin katako. Likitocin dabbobi sun san cewa irin wannan kora kaɗai tana iya kashe naman daji, domin tsokarsa takan lalace saboda gudu da firgici, wani ya mutu nan take, wani bayan kwanaki a cikin keji. Fim ɗin yana yankewa ne da zarar an rufe akwati, daga nan sai a koma masauki a sha giya a buga fiyano.

Masu kare irin waɗannan finafinai suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sukan ce ai waɗannan mutanen ba kashewa suke yi ba, a zamanin da attajiran Turai da Amurka ke tururuwa zuwa Gabashin Afirka don su harbe zaki su ɗauki hoto da ƙafa a kan gawarsa. Mai kamawa da rai ya fi mai bindiga tausayi, in ji su. To amma nan ne ainihin inda aka rufe wa mai kallo ido. Dubi yadda Hatari! ta kawo ɗan giwa na farko cikin labari: uwar ta addabi mutane, wani jami'in kula da daji ya harbe ta, saura kaɗan a harbe ɗan, sai wata baƙuwa mai ɗaukar hoto ta shiga tsakani ta cece shi, aka nemo awaki ana tatsa ana ba shi madara. Wato laifin uwar ne, kisan kuma wani ne can ya yi, masu kamu nasu ceto ne kawai.

Wanda ya fi kowa sanin wannan kasuwa bai faɗi haka ba. Carl Hagenbeck na birnin Hamburg a Jamus shi ne babban dillalin namun daji na duniya a ƙarshen ƙarni na 19, shi ke sayar wa gidajen zu da masu wasan dabbobi na Turai da Amurka. A littafin da ya rubuta kan rayuwarsa ya bayyana ƙarara cewa ba kasafai ake samun ɗan giwa ko ɗan karkanda ba sai an fara kashe manyan. Yawancin kayansa na farko daga yankin Kassala na gabashin Sudan suke fitowa. Mafarautan yankin ne ke sare agarar uwa da takobi, wakilan dillalai su biya su, sannan a haɗa ayari a bi hamada da dare zuwa bakin Bahar Maliya, ana jan 'ya'yan giwa da igiya, garken awaki na biye domin madara. Da yawa a hanya suke mutuwa. Hannun da ya yi saran na ɗan Afirka ne, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma kuɗin da odar daga Hamburg da Landan da New York suke zuwa.

Ta irin wannan hanya aka fitar da giwar da ta fi kowace suna a tarihin wasan dabbobi, wato Jumbo. An haife shi wajen 1860 a ƙasar Sudan, aka kashe uwarsa yana ƙarami. Ya zauna a gidan zu na Paris, a 1865 aka mayar da shi Landan, inda ya shekara 17 yana ɗaukar yara a bayansa. Da ya balaga sai ya fara fusata da dare yana farfasa ɗakinsa, masu gidan suka tsorata, suka sayar da shi a 1882 ga P. T. Barnum, mai wasan dabbobi na Amurka, a kan fam 2,000. Shekara uku kacal ya yi ana yawo da shi gari-gari a jirgin ƙasa. A ranar 15 ga Satumba, 1885, bayan an tashi daga wasa a garin St. Thomas na Kanada, ana jan sa a kan layin dogo zuwa taragonsa, jirgin kaya ya zo ya banke shi. Bai wuce shekara 25 ba, alhali toron giwa a daji yakan kai 60. Ko bayan mutuwarsa ba a bar shi ba, Barnum ya ci gaba da yawo da fatarsa da ƙasusuwansa ana biya ana kallo. Da masana suka sake duba ƙasusuwan nan a New York a 'yan shekarun baya, sun tarar haƙoransa sun murɗe saboda abincin da bai dace da shi ba, gaɓoɓinsa kuma sun tsufa tun yana matashi. Mai yiwuwa ne fushin daren da aka sayar da shi dominsa ciwon haƙori ne.

Tsakanin masu wasan dabbobi da masu shirya fim babu wata katanga. Frank Buck, wanda ya yi suna da fim ɗin kamun namun daji a dazukan Malaya a 1932, daga baya ya fito a wasan Ringling, babban kamfanin wasan dabbobi na Amurka, a 1938. Su kuwa masu fim ɗin Tarzan na 1932 a Amurka suka yi aikinsu, da giwayen Asiya waɗanda aka riga aka horar. Da yake kunnen giwar Asiya ƙarami ne, sai aka liƙa musu manyan kunnuwa na bogi da haure don su yi kama da na Afirka. Duk wanda ya kalli fim ɗin da natsuwa zai ga kunnuwan suna reto ba yadda Allah ya halitta ba. Giwar da ta durƙusa don jarumi ya hau, ko ta ɗaga ƙafa a daidai lokacin da kyamara ke so, ba don ƙauna take yi ba. An raba ta da uwa tun tana ƙarama, an ɗaure ta da sarƙa, an koya mata tsoron wata sanda mai ƙugiyar ƙarfe da ake soka mata a bayan kunne da ƙarƙashin haɓa da bayan gwiwa, wuraren da fata ba ta da kauri. In ta girma, ganin sandar kaɗai ya isa.

Wani lokaci kuma tsoron yakan ƙare. A watan Agusta na 1994, a birnin Honolulu na Amurka, wata giwar Afirka mai suna Tyke, wadda aka kamo daga Mozambik tana ƙarama, ta kashe mai horar da ita a gaban 'yan kallo, ta fasa ta fita titi da kwalliyar wasa a kanta. 'Yan sanda sun yi mata harbi fiye da 80 kafin ta faɗi.

Za a ce zamaninsu ne, kada a auna mutanen jiya da mudun yau. Ban yarda ba, domin a zamanin nasu ma an yi magana. Majalisar Birtaniya ta yi doka tun 1937 da ta hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen ɗaukarsa. A Amurka, bayan an jefa doki daga kan dutse ya mutu a wani fim na 1939, an fara barin ƙungiyar kare dabbobi tana sa ido a wuraren ɗaukar fim daga 1940. Masu sana'ar sun san ana ƙorafi, sai dai sun san kuma idon hukuma ba ya kaiwa dajin Afirka. Mu ma nan ba sabon karatu ba ne a gare mu. Ɗaliban hadisi sun san labarin da Abu Dawud ya ruwaito, lokacin da sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Idan an faɗi haka a kan tsuntsuwa, ina ga dabbar da ke tsayawa a kan gawar 'yar uwarta tana shafa ta da hannu? Kuma wannan magana ta shafi gardawanmu masu yawo da kura da takunkumi da biri a ɗaure a kasuwanni, domin su ma daga daji aka ɗauko 'ya'yan.

Akwai kuma yadda finafinan suka ɗauki mutanen ƙasar. Masu jan igiya, masu ɗaukar akwati, masu bin sawu, duk 'yan Afirka ne, su ne suka san dajin, amma ba su da labari nasu a fim, suna tsaye a bayan jarumi kamar itatuwa. Ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa Hagenbeck ɗin nan da ke sayar da giwaye shi ne kuma ya kawo mutane daga Sudan a 1876 ya baje su a Turai tare da dabbobinsu ana biyan kuɗi ana kallo.

Da a ce duk wannan ya wuce, da sai a bar wa masana tarihi. Gaskiya an samu sauyi. Kamfanin Ringling ya daina wasa da giwaye a 2016, ya rufe a 2017, da ya dawo a 2023 kuma babu dabba ko ɗaya. Ingila ta hana amfani da namun daji a irin wannan wasa daga 2020. Amma kamun bai tsaya ba, jirgin sama mai saukar ungulu da allurar sa barci ne suka maye gurbin mota da gora. A 2016 an kwashi giwaye 17 daga Swaziland zuwa gidajen zu uku a Amurka. Zimbabuwe ta sha raba 'ya'yan giwa da garkensu a dajin Hwange tana aika su Sin. A 2022 Namibiya ta tura 22 zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kuma kowane lokaci bayanin iri ɗaya ne da na Hatari!: giwaye sun yi yawa, fari ya matsa, ceton su muke yi.

Ba na musun cewa zama kusa da giwa wahala ne. Manomin da ke makwabtaka da Yankari a Bauchi, ko na Kala Balge a Borno inda garke ke tsallakowa daga Kamaru, wanda ya wayi gari ya tarar an tattake masa dawar shekara guda, yana da haƙƙi a kan gwamnati, a biya shi diyya, a kuma taimaka masa da hanyar kare gonarsa. Sai dai ɗauke 'yan ƙanana goma daga garke ba ya hana manya shiga gona, kuɗin cinikin ma da wuya manomi ya ga ƙwandala. Abin da yake haifarwa an gan shi a Afirka ta Kudu. Marayun da aka bari bayan an karkashe iyayensu a dajin Kruger, aka kai su dajin Pilanesberg suka tashi babu manya, su ne suka kashe karkanda fiye da 40 a shekarun 1990. Ba a samu sauƙi ba sai da aka kawo manyan toraye shida a 1998. Waɗanda ake kaiwa waje kuma, wani bincike da mujallar Science ta buga a 2008 ya nuna cewa matsakaicin tsawon ran giwar Afirka mace a gidajen zu na Turai bai kai shekara 17 ba, alhali a dajin Amboseli na Kenya 56 ne ga waɗanda suka mutu ajalinsu.

Ban ce a ƙone tsofaffin finafinan nan ba. A kalle su, a nuna wa ɗaliban fim da na tarihi, amma tashar da za ta haska su da mai shafin da zai yanko su ya kamata su faɗa wa mutane yadda aka samo dabbobin. Abin da ya fi wannan muhimmanci yana hannun gwamnatocinmu. A taron CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Geneva a 2019, Nijar da Najeriya da Sudan da Burkina Faso suna cikin ƙasashen da suka gabatar da ƙudurin taƙaita fitar da giwayen daji masu rai zuwa wajen Afirka, kuma ya samu ƙuri'a 87, masu adawa 29. An bar ƙofar "yanayi na musamman" a cikin ƙudurin, kuma duk da ƙudurin, a 2022 giwayen Namibiya suka tafi. Ma'aikatun muhalli na Abuja da Yamai suna cikin waɗanda suka fara wannan magana, su ya kamata su koma taron su nemi a rufe sauran ƙofar, sannan su tabbatar gidajen zu na jihohinmu ba sa karɓar ɗan dabbar da aka rabo da uwarsa daga daji.