Wimbledon: An sayar da kulob, tarihinsa ya ƙi bin mai saye

Ranar 28 ga Mayun 2002, wani kwamiti na mutum uku da hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta kafa ya yanke hukuncin da har yau nake kallo a matsayin ɗaya daga cikin manyan zaluncin da aka taɓa yi wa 'yan kallo. Biyu suka amince, ɗaya ya ƙi. Da wannan rinjaye na ƙuri'a ɗaya aka ba masu kulob ɗin Wimbledon izinin ɗauke shi daga kudu maso yammacin Landan, inda aka haife shi tun 1889, su kai shi garin Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90. Kwamitin bai tsaya nan ba. A cikin rahotonsa har ya yi gargaɗin cewa idan magoya baya suka ce za su kafa wani sabon kulob a madadin wanda aka ƙwace musu, hakan ba zai amfani harkar ƙwallo ba.

Wannan gargaɗi ne ya fi tsaya mini a rai. A ƙwace wa mutum abinsa, sannan a ce masa ko maye gurbinsa ma kada ya yi tunani.

Kafin a gane girman abin da aka ɗauke, sai an san mene ne Wimbledon. Tsofaffin ɗaliban wata makaranta ne suka kafa shi da sunan Wimbledon Old Centrals, suna taka leda a wani buɗaɗɗen fili na jama'a da ake kira Wimbledon Common. A 1912 suka samu matsuguni a filin Plough Lane. Sun shafe fiye da shekara saba'in a matsayin 'yan wasan sha'awa, masu zuwa atisaye bayan sun tashi daga aiki. Babban abin alfaharinsu a wancan zamani shi ne kofin 'yan sha'awa na FA da suka ci a Wembley a 1963, ranar da Eddie Reynolds ya zura wa Sutton United ƙwallo huɗu, kuma dukansu da ka.

A 1975 ne sauran Ingila ta fara jin ɗuriyarsu. Suna wajen rukunonin ƙwararru gaba ɗaya, suka je har gidan Burnley, wadda ke babban rukuni, suka cire ta daga kofin FA. Zagaye na gaba suka je Elland Road suka riƙe Leeds United, zakarun ƙasar a lokacin, babu ci, bayan golansu Dickie Guy ya tare fenaretin Peter Lorimer. Sai a wasa na biyu Leeds ta sha da ƙyar. Shekara biyu bayan haka, a 1977, aka zaɓe su zuwa rukuni na huɗu. Zuwa 1986, ƙarƙashin koci Dave Bassett, suna babban rukuni. Shekara tara kacal. A kakarsu ta farko a can suka ƙare na shida.

Salon wasansu bai burge masana ba, kuma ba zan ce ya burge ni ba. Dogon bugu ne, da ƙarfin tuwo, da tsoratar da abokin karawa tun daga ƙofar fita fili. Har aka yi musu laƙabi da Crazy Gang, wato gungun mahaukata, su Vinnie Jones da Dennis Wise da John Fashanu. Amma kulob ɗin da ba shi da kuɗin sayen taurari da me zai yi yaƙi, in ba da abin da ke hannunsa ba? Ranar 14 ga Mayun 1988 suka haɗu da Liverpool ta Kenny Dalglish a wasan ƙarshe na kofin FA. Liverpool ta riga ta lashe gasar ƙasar, tana da John Barnes da Peter Beardsley, kowa ya gama ba ta kofi tun ba a hura usur ba. Wise ya ɗago bugun tazara, Lawrie Sanchez ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Bayan hutun rabin lokaci aka ba Liverpool fenareti, kyaftin Dave Beasant ya tare bugun John Aldridge, karo na farko da aka tare fenareti a wasan ƙarshe na wannan kofi a Wembley. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

Daga wannan ƙololuwa gangara ta fara, kuma asalinta ba a fili take ba. Bayan bala'in filin Hillsborough na 1989, inda cunkoso ya hallaka 'yan kallo da dama, rahoton alƙali Taylor ya wajabta wa manyan kulob-kulob su mayar da filayensu na zama zalla. Plough Lane ƙaramin tsohon fili ne. Mai kulob ɗin, Sam Hammam, ya ce ba zai gyaru ba, don haka a 1991 aka kwashe zuwa Selhurst Park, gidan Crystal Palace, da sunan zaman wucin gadi. Zaman ya kai shekara goma sha biyu. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma an gani: a Janairun 1993 mutum 3,039 ne kawai suka kalli wasansu da Everton, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin gasar Firimiya. Shi kuwa tsohon filin aka sayar, aka rushe, aka gina gidaje a wurin. An ma taɓa yunƙurin kai kulob ɗin Dublin, babban birnin wata ƙasar daban, sai hukumar ƙwallon Ireland ta ƙi. A 1997 wasu attajirai biyu 'yan Norway, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten, suka sayi kaso mafi tsoka. Ranar 14 ga Mayun 2000, shekara goma sha biyu cif da ranar cin kofi, Wimbledon ya faɗo daga Firimiya bayan kaka goma sha huɗu a sama.

A can Milton Keynes kuwa, sabon gari ne da gwamnati ta zana a 1967, mai jama'a da yawa amma babu kulob a rukunonin ƙwararru. Wani ɗan kasuwa, Pete Winkelman, yana da shirin gina katafaren fili wanda manyan kantuna za su ɗauki nauyinsa, abin da ya rage masa shi ne kulob ɗin da zai saka a ciki. Hanyar da kowa ya sani a Ingila ita ce ka ɗauki ƙaramin kulob ɗin garinku ka raine shi, ya hau mataki-mataki, kamar dai yadda Wimbledon ɗin kansa ya hau. Wannan hanya tana cin shekaru. Sayen gurbin wani ya fi sauri. A Agustan 2001 shugaban Wimbledon, Charles Koppel, ya sanar da niyyar ƙaura. Hukumar gasar ta ƙi amincewa, aka yi ta ja-in-ja har magana ta kai gaban wancan kwamiti na mutum uku.

Masu kare ƙaurar suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar babu ita ba. Kulob ɗin yana tafka asara, ba shi da fili, 'yan kallonsa kaɗan ne. Suna kuma tunatar da mu cewa ita kanta Arsenal a Woolwich aka kafa ta, kudu da kogin Thames, sai a 1913 ta tsallaka zuwa Highbury, kuma yau babu mai ce mata baƙuwa. A Amurka ma abin ba sabo ba ne, ƙungiyoyi na canja gari in kasuwa ta kira. To amma Arsenal ba ta bar Landan ba. Ita kuwa Amurka tsarinta daban ne, babu hawa babu faɗuwa, gurbi haja ce da ake saye. A Ingila gurbi gumi ne. Matsayin da Wimbledon ke kai a 2002 an same shi ne ta hanyar wasanni dubbai, a cikin ruwa da taɓo, gaban mutanen da iyayensu da kakanninsu suka tsaya a wannan gefen fili. Shi ne aka naɗe aka miƙa wa garin da bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin ba. Batun rashin fili kuma, ai ba 'yan kallo ne suka sayar da Plough Lane ba. Masu mulkin kulob ne suka raba shi da gidansa, 'yan kallo suka ragu, sannan aka ɗauki raguwar aka mai da ita hujjar tafiya.

Kwana biyu da hukuncin, ranar 30 ga Mayu, magoya baya suka taru suka amince su kafa nasu: AFC Wimbledon. Ba su da ɗan wasa ko ɗaya. Suka yi shela duk mai jin zai iya ya zo gwaji, kuma wurin da aka yi gwajin shi ne Wimbledon Common, filin da aka faro a 1889. Mutum fiye da ɗari biyu suka zo. Wasansu na farko na sada zumunta ne da Sutton United, aka lallasa su huɗu da nema, amma mutum 4,657 suka je kallo. Suka fara daga rukuni na tara. A kakarsu ta farko, matsakaicin 'yan kallonsu ya haura dubu uku, ya ma fi na tsohon kulob ɗin da ke rukuni na biyu, wanda jama'a suka ƙaurace wa. A ganina tun daga nan aka raba gardama. Sunan kulob da rajista da 'yan wasa suna gefe ɗaya, mutane suna ɗaya gefen, kuma kowa ya ga inda ran yake.

Tsohon kulob ɗin ya faɗa hannun masu kula da bashi a 2003, ya koma Milton Keynes a Satumbar shekarar, a 2004 aka canja masa suna zuwa Milton Keynes Dons, wato MK Dons, aka canja tambari da launin riga. Sai tambaya ta taso, wadda ita ce zuciyar wannan sharhi: kofin 1988 na wane ne? A takarda, na kamfanin da ya ƙaura ne. Amma ƙungiyar magoya bayan ƙwallo ta ƙasar ta ƙi karɓar magoya bayan MK Dons cikinta har sai an warware batun. Aka yi yarjejeniya, a 2007 aka mayar da kwafin kofin da sauran kayan tarihi zuwa ƙaramar hukumar Merton, inda unguwar Wimbledon take, MK Dons kuma ta yarda tarihinta ya fara daga 2004. Wato wanda ya biya kuɗi ya sayi komai ya amince da bakinsa cewa akwai abin da bai shiga cikin cinikin ba. Abin da ya rage shi ne kalmar Dons, tsohon laƙabin Wimbledon, wadda har yau ke manne da sunan MK, kuma ina tare da masu cewa a cire ta.

AFC kuwa ta yi ta hawa. Daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004 ta buga wasan gasa 78 a jere ba a doke ta ba. A Mayun 2011 ta doke Luton Town a bugun fenareti a wasan cike gurbi, kyaftin Danny Kedwell ya buga na ƙarshe, ta koma rukunonin ƙwararru. Shekara tara daga kafuwa, daidai da tarar da tsohon kulob ya ɗauka daga rukuni na huɗu zuwa na ɗaya. A 2016 ta doke Plymouth a Wembley ta hau rukuni na uku, inda ta tarar da MK Dons. A 2018 MK ta faɗo, AFC ta zauna a samanta.

Sai dai laifi tudu ne, kuma ba zan taka na AFC in hango na wasu kawai ba. Filin Kingsmeadow da ta zauna a cikinsa shekara goma sha takwas gidan wani ƙaramin kulob ne, Kingstonian. AFC ta sayi haƙƙin filin, mai gida ya koma ɗan haya, daga baya ta sayar wa Chelsea domin ta samu kuɗin gina nata, Kingstonian ya fita a 2017 ya shiga yawon haya. An ba shi kuɗin sallama, amma mutanen da suka san zafin rasa gida ya kamata su fi kowa jin nauyin wannan. Haka nan ba na goyon bayan a riƙa zagin yaron da aka haifa a Milton Keynes bayan 2004, wanda mahaifinsa ya riƙe hannunsa ya kai shi fili, ya ga Dele Alli yana tasowa, ya ga daren 2014 da kulob ɗinsu ya ɗura wa Manchester United huɗu da nema. Wannan tarihinsa ne, halaliyarsa, babu wanda ya sata. Masu laifi su ne waɗanda suka zauna a ofis suka sa hannu.

Abin da ya sa nake ganin labarin ya wuce Wimbledon shi ne, tunanin da ya haifar da ƙaurar bai mutu ba. Shi ne ya dawo a Afrilun 2021, lokacin da manyan kulob goma sha biyu na Turai suka sanar da wata gasa ta musamman wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. Ko kwana uku ba ta yi ba ta wargaje, saboda 'yan kallo sun fito kan titi. A Jamus akwai ƙa'idar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, in ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Ingila sai a 2025 ta yi dokar kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan kulob-kulob, har da batun sauya filin gida da tambari da launin riga. Shekara ashirin da uku bayan an ɗauke Wimbledon. Attajiri na iya zuwa da kuɗinsa, kuma sau da yawa ana bukatarsa, amma wa'adinsa gajere ne. Hammam ya tafi, 'yan Norway sun tafi, shi kansa Winkelman ya sayar da MK Dons ga wasu masu zuba jari daga Kuwait a 2024. Mai sayen tikiti ne kaɗai ba ya zuwa ko'ina.

AFC Wimbledon har yau rinjayen mallakarta na hannun ƙungiyar magoya baya, Dons Trust, kowane mamba da ƙuri'a ɗaya. Wannan tsari yana da tsada, domin babu wani mai aljihu da zai toshe gibi, kuma a 2022 sun faɗo rukuni na huɗu. Da kuɗin ginin sabon fili ya gaza, an kawo shawarar a sayar da kaso ga 'yan kasuwa, sai magoya baya suka gwammace su ranta wa kulob ɗin daga aljihunsu, suka tara fiye da fam miliyan biyar. Ranar 3 ga Nuwamban 2020 aka buga wasan farko a sabon Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon yake, aka tashi biyu da biyu da Doncaster. Annobar korona ta hana kowa shiga, mutanen da suka jira shekara ashirin da tara suka kalli komawarsu gida ta allon talabijin da waya. A Mayun 2025 suka cika gefensu na Wembley, ƙungiyarsu ta doke Walsall ɗaya da nema ta koma rukuni na uku, ta bar MK Dons a na huɗu.