Danjar gari ba ta buƙatar sarki ɗaya tilo

Na gaji da jin masu tallar fasaha suna cewa ƙirƙirarriyar basira za ta zauna a ɗaki guda ta juya danjar gari baki ɗaya, cunkoso ya zama tarihi. Suna magana kamar su suka fara haɗa kwamfuta da danja, alhali birnin Toronto ya yi haka tun 1963.

Tsarin da ya daɗe yana aiki ba ya tara iko a wuri ɗaya. Dubi tsarin sarrafa danja mai suna SCATS, wanda aka ƙirƙira a Sidni ta Ostireliya a shekarun 1970. A gefen kowace mahaɗa akwai akwati mai sarrafa danjar wurin, a ƙarƙashin kwalta kuma an binne waya mai jin wucewar mota. In layi ya yi fayau, akwatin nan da kansa zai gajarta koren wuta. Sama da shi akwai kwamfutar shiyya, mai daidaita mahaɗun da ke jere don direba ya riƙa tarar da kore bayan kore. Cibiya kuwa ido take sawa. Mai unguwa, hakimi, sarki ke nan, kuma ba a kai wa sarki rigimar kaza. Idan sadarwa ta katse, akwatin ya koma kan jadawalin da ke cikinsa, motoci su ci gaba da tafiya. To, ƙwaƙwalwar nan tilo da ake mana talla, ran da ta suma fa? Gari ya suma tare da ita?

Akwai kuma masu cewa a cire danjar da ke tsayar da motoci a mashigar manyan hanyoyi, wai ɓata lokaci ce. An gwada. A shekarar 2000 jihar Minesota ta Amurka ta kashe irin waɗannan fitilu 433 na tsawon mako takwas. Lokacin tafiya a manyan hanyoyin ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, haɗurra da kashi 26. Aka sake kunna su, tare da rage jiran direba a mashiga.

Duk hukumar da aka kawo wa wannan haja, kafin ta sa hannu, ta sa a zare wayar da ke haɗa mahaɗa ɗaya da cibiya da ƙarfe biyar na yamma, a tsaya a gani.