Bawzin Musulmin China da ƙyamar da muke yi masa a Gwanzu

Wani Alhaji da ya zo daga Kano cin kasuwar baje kolin Canton ta watan Oktoba ya same ni da safe a wani ɗan shago a unguwar Shawbe da ke birnin Gwanzu na China, ina karyawa da bawzi. Na ce, "Alhaji, bismillah." Ya leƙa kwandon, ya ja da baya, ya ce, "Malam, kai ma ka fara cin abin nan nasu? Allah ya kyauta." Mai shagon na tsaye da farar hularsa, Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui. Bai ji Hausa ba, amma ya ga fuska. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bawzi curin fulawa ne da aka kwaɓa da yis, a cusa masa niƙaƙƙen nama ko ganye, a tattare bakin a murɗe, sannan a turara. Kwandunan gora ne zagayayyu ake ɗorawa ɗaya kan ɗaya bisa tukunyar ruwa mai tafasa, kamar madambacinmu, sai dai nasu hawa-hawa ne, wani jerin har ya kai ƙirjin mutum. Akwai kuma jawzi, mai siririn ɓawo marar yis, wanda ake dafawa a ruwa, ko a soya, ko a turara. 'Yan Uigur, wata ƙabilar Musulmin China, nasu manta ne, naman rago da albasa, wani lokaci da kabewa.

Tsoron Alhaji yana da tushe, ba zan musa ba. Mutanen Gwanzu da alade suke yawancin irin wannan abinci. Siumai ɗinsu naman alade ne da jatan lande. Hargaw, mai ɓawon nan garai-garai da kake hango jatan lande ta cikinsa, sau da yawa ana zuba masa kitsen alade. Romon da ke cikin shawlongbaw na Shanghai daga fatar alade ake dafa shi. Ko wanda aka ce maka na ganye ne zalla, ana iya haɗa shi da man alade. Don haka tambayar "akwai nama?" ba ta wadatar.

Amma maganin wannan haruffa biyu ne kacal, 清真, ana karanta su cinjan, alamar halal ke nan, galibi a kan koren allo. Ka haddace su da ido, kada ka dogara da rubutun Larabci, don a Beijing ma hukuma ta sa an cire shi daga allunan gidajen abinci a 2019. A titin Zhongshan na shida akwai tsohon gidan abincin 'yan Hui, Huimin Fandian, inda ake yin irin na mutanen Gwanzu da naman sa da kaza. Wanda kuma Allah ya kai shi birnin Xi'an, ya shiga unguwar Musulmi kusa da babban masallaci ya nemi mai romo a ciki, na sa ko na rago.

In halal ta tabbata, sai a duba kyau. Ni layin mutane nake fara dubawa, musamman tsofaffi da sassafe, don ba sa tsayuwa a inda ake ɗumama na jiya. Sai in duba ko ana naɗewa a gabana: gari a hannun mai aiki, muciyar murji ƙarama tana juyawa, yatsu suna tsinke bakin ƙullin da sauri. Na inji da aka ciro daga firiza duk kamarsu ɗaya, kamar an buga da hatimi. Mai kyau in ka danna shi da yatsa zai taso ya koma yadda yake, gindinsa ba ya jiƙewa ya manne da kwando, kuma ba ya warin tsami. In ka ɓara, naman a sake yake, da ɗan ruwansa da ƙamshin citta da albasa mai lawashi, ba dunƙule guda mai tauri ba. Mai romo kuwa a cokali ake ɗora shi, a ɗan huda gefe, a tsotse romon a hankali don yana ƙona harshe, sannan a tsoma sauran a baƙin ruwan khal. Kuma ba a jinkiri, da ya huce ɓawon ya yi tauri, daɗin ya tafi.

Na san me ke damunmu. A gida ba wanda ke tambayar mai ƙosai da wane mai ta soya, ka san ta, ka san gidansu. Wannan kwanciyar hankali ba a sayenta da kuɗi, kuma ni ma ina kewarta kullum. Amma rashinta bai kamata ya sa mu riƙa kallon kowane Basine da ido ɗaya ba. Musulmin China sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsare cikinsu daga alade a tsakiyar masu cin sa, wahalar da mu ba mu taɓa sani ba a Kano ko Damagaram. Ranar Juma'a muna haɗa kafaɗa da su a masallacin Huaisheng, ko a wancan da ake dangantawa da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, a yi sallama, kowa ya kama gabansa. Mutum zai shekara da shekaru yana safarar kaya daga nan, ya san farashin kwantena da na kowane yadi, amma bai san sunan Musulmin China ko ɗaya ba, bai taɓa zama a teburinsa ba. Sai mu koma ɗaki mu dafa indomi muna cewa garin ba abinci.

Akwai wani ɗan lardin Qinghai da nake cin taliya a shagonsa. Ya tambaye ni da me muke buɗa baki da azumi, na kwatanta masa ƙosai da kunun tsamiya iya yadda Sinancina ya kai, ya ce lallai sai ya ɗanɗana. Wake dai na samu a kasuwar nan, tsamiya ce nake jiran mai tahowa daga Kano ya riƙo mini.