Agogona yana biyan kuɗi amma ba ya cin bashi

Shekarata shida kenan a Manchester, wallahi rabon da in ƙirga kuɗin takarda da hannuna har na manta. Agogon hannuna shi ne aljihuna yanzu, in shiga kanti in ɗauki burodi da madara, in je wajen na'urar nan da kai zaka yi wa kanka lissafi, in kara agogo ta yi ƙit in fice, ba wanda ya ce min sannu da zuwa ba wanda na ce wa Allah ya kawo kasuwa. Da farko abin ya burge ni har bidiyo na tura wa ƙanena a Kano. Sai daga baya na gane kuɗin da baka ƙirga ba baka jin zafin fitarsu. Katin banki ma a 2021 suka ɗaga abin da zaka kara ba tare da danna lambar sirri ba zuwa fam 100.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar sanin kwastoma. A Tesco, wani babban kanti na nan, zaka ga kaya ɗaya farashi biyu, mai katinsu na kwastoma da suke kira Clubcard da rangwame marar shi ya biya cikakke, katin nan tun 1995 suke da shi, kuma ba don Allah suke maka ragin ba, sayen labarinka suke, me kake ci, yaushe kake saye, har su gane an yi haihuwa a gidanka daga yawan kayan jarirai. To ai mai shagon layinmu a Fagge ma ya san duk wannan ba tare da kwamfuta ba, ya san ranar da albashi ke shigowa, ya san in baƙi sun sauka don sikari da Lipton sun ƙaru. Bambancin kawai shi in wata ya yi nisa sai ya jawo littafin bashi ya ce ɗauki Malam in an samu a kawo, su kuwa sai su turo maka talla a waya.

Amazon ma sun buɗe kanti a Seattle a 2018 wanda babu mai karɓar kuɗi sam, kyamarori ne ke kallonka ka ɗauka ka fita, sai a 2024 labari ya fito ashe akwai mutane wajen 1000 a Indiya da ke bin bidiyon suna tantancewa. Dariya kamar me. Booths kuma, wani kanti na arewacin Ingila, a 2023 suka cire na'urorin yi wa kai lissafi daga yawancin rassansu suka dawo da mutane.

Gida fa ba a bar mu a baya ba, tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mai shayi ma ya koyi karɓar tiransifa, POS ko'ina, Moniepoint da OPay a bakin kowa. Amma na'urar bata kori mutum ba, ɗan kasuwar Kwari ta Kano zai ɗora shadda a WhatsApp ko TikTok yana warware ta yana cewa Hajiya wannan ba ta zuba, kuma duk da haka sai kun yi ciniki, albarka, ƙara dai, kafin ya turo lambar akawun. A nan kamfanoni miliyoyi suke kashewa don tallarsu ta yi kama da hirar aboki, mu kuma dama can abokin ne ke sayarwa. Ban ce babu matsala ba, alat na bogi, netwok ya ɗauke, kuɗi su fita basu shiga ba ka yi sati kana zarya banki, wannan kam sun fi mu nesa ba kusa ba.

Makon jiya na fita da dare sayen madarar yara a wani kanti kusa da gida, na bar waya da walat don ai ga agogo, ina zuwa gaban na'ura ashe caji ya ƙare. Shekara huɗu ina sayayya a wurin nan kusan kullum. Yarinyar da ke tsaye ta yi murmushi ta ban haƙuri ta karɓi madarar ta mayar kan kantar shagon, na koma gida cikin ruwan sama na ɗauko kati.