Kwana Huɗu Ina Attajiri Saboda Libarba

A birnin Houston na jihar Texas, inda nake zaune da iyalina, akwai wata al'ada da har yau take ɗaure mini kai. Idan tsoho ya rasu, sai magada su buɗe gidansa, su manna farashi a jikin komai tun daga gado har cokali, jama'a su yi ta shiga suna saye kamar ranar kasuwa. Wata Asabar na je irin wannan gwanjo neman injin yankan ciyawa, ban samu ba, amma a cikin gareji, ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, na ci karo da wani ɗan akwatin katako. Da na buɗe sai ga libarba kwance a kan jan ƙyalle, bakinta dogo mai kusurwa takwas, ƙotarta ta katako, jikinta na tagulla da ya yi duhu saboda daɗewa. An rubuta dala 150. Na taya dala 100, matar da ke karɓar kuɗi ta sallama nan take ba tare da ta ja ko sau ɗaya ba, kuma duk wanda ya tashi a Kano ya san cewa sallamawa irin wannan abar tsoro ce, amma a lokacin ni gani na yi sa'a ta zo.

Da a gida Najeriya ne ko taɓa ta ba zan yi ba, domin libarba tana cikin bindigogin da doka ta tsananta a kansu. A nan kuwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi da ƙwallon dalma ta gaba, kamar yadda maharbanmu ke ɗura tasu, dokar tarayya tana lissafa ta cikin kayan tarihi, saboda haka na rungumi akwatina na fito ba wanda ya tambaye ni takarda.

Da daddare, bayan yara sun yi barci, na ɗauko ta na haska da fitilar waya. A jikin gangar da ke juyawa, wadda ke da ramuka shida, akwai zanen jiragen ruwa suna harbin juna, kuma a gefensa an rubuta kwanan wata da ƙananan baƙaƙe: 16 ga Mayu, 1843. Na shiga intanet na ga siffarta ta yi daidai da libarbobin kamfanin Colt na Amurka na da, daga nan kuma na yi tambayar da ta jawo mini duk abin da ya biyo baya, wato nawa tsohuwar Colt mai tsada take kaiwa. Amsar da na samu ita ce wata ƙirar Walker ta 1847, wadda guda 1,100 kacal aka ƙera, an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo a 2018 a kan dala miliyan 1.84. Na zauna na yi lissafi irin na mutumin da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba: idan ta 1847 ta yi wannan kuɗi, tawa da ta girme ta da shekara huɗu ai ba a magana. Na juya kuɗin zuwa naira, sifirai suka cika fuskar wayar, sai da na kwantar da ita a kaikaice kafin na ga ƙarshensu.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wai lafiya kake magana kai kaɗai?" Na ce mata ta zauna ta yi bisimilla. Da na gama bayani ta dubi bindigar, ta dube ni, ta ce ita dai akwatin ne ya ba ta sha'awa, ta koma ta kwanta. Na ce a raina mata ba su san tarihi ba.

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Houston ya yi daidai da asuba a Kano, saboda haka na kira Yaya yana fitowa daga masallaci. Na roƙe shi da girman Allah kada ya gaya wa kowa, sannan na shaida masa cewa bana Inna za ta sauke farali, za a sake rufin gidanmu na gado, shi kuma zai rabu da babur ɗin da kullum sai an tura. Ya yi kabbara har sau uku, ya rantse maganar ta mutu a cikinsa. Kafin in farka washegari saƙonnin murya goma sha bakwai suna jirana. Wani ɗan gwaggonmu da rabona da shi tun bikin aurena ya kira ni Alhaji, wata ƙanwar Inna ta tuna mini cewa ita ta yi goyona, wani kuma da ban gane muryarsa ba ya ce ya yi mafarki tun bara ya gan ni a kan farin doki.

A kwana na biyu ne na tafka aikin da na fi alfahari da shi a lokacin. Na dubi libarbar na ga ba zai yiwu in kai wa masu kuɗi kaya da dauɗa ba, domin a wurinmu ko tsohuwar tasa za ka kai kasuwa sai ka wanke ta ta yi ido. Na tuna yadda Inna ke goge kwanukan jerenta da toka da lemon tsami. Na yanka lemo huɗu, na kwaso toka daga murhun gashinmu na bayan gida, na haɗa da soson ƙarfe, na shimfiɗa jarida a tsakar falo, na yi awa uku ina dirza. Tagullar ta fito tana walƙiya kamar zinare, baƙin da ke jikin bakin bindigar ya tafi, ƙotar kuma na shafe ta da man zaitun. Har uwargida sai da ta ce da zan riƙa yi wa tukwanenta haka da ta gode.

Ranar Laraba na sa babbar riga da hula, na nufi shagon wani dattijon Bature da ke saye da ƙiyasta tsofaffin bindigogi. Na ajiye ta a kan teburinsa a naɗe cikin tawul, domin uwargida ta riga ta kwashe akwatin. Da ya warware tawul ɗin sai ya runtse ido kamar wanda aka haske da fitilar mota, ya tambaye ni wane ne ya yi mata wannan aika-aika. Na gyara zaman hula na ce ni ne da hannuna. Ya ce, "Abokina, ka zauna." Sannan ya yi mini karatu a tsanake cewa masu tara irin waɗannan kaya wannan duhun da na kankare shi suke biya, domin shi ne shaidar shekaru, kuma gogaggiyar bindiga takan rasa babban kaso na darajarta. Na ji gumi yana bin bayana a cikin shago mai sanyi. Na soma lissafin cewa da lemon tsami huɗu na narkar da kujerar Makka da rufin gida, na kuma fara tunanin da wane baki zan gaya wa Yaya.

Da ƙarfin hali na nuna masa kwanan watan, na ce ko da an rage rabi ai ta 1843 ce. Dattijon ya cire tabarau ya goge, da alama dariya yake dannewa. Ya ce a 1843 Samuel Colt, mai kamfanin, ba shi da masana'anta ma, domin kamfaninsa na farko da ke Paterson ya karye a 1842, kuma cinikin Walker na 1847 ne ya tashe shi. Wannan kwanan wata ranar yaƙin ruwa ce da aka gwabza a Campeche, a gaɓar tekun Meksiko, tsakanin jiragen Texas da na Meksiko, Colt ya sa aka zana shi a jikin ƙirar da ake kira Navy ta 1851 don karrama sojojin ruwan Texas da suka sayi bindigoginsa na farko. An ƙera irinta fiye da 200,000 a Hartford kafin a daina a 1873, ban da na masana'antarsa ta Landan, kuma kowacce da wannan zane ta fito. Na ce to, ko ta 1851 ce ai ba laifi.

Bai amsa ba. Ya ce ta gaskiya tana da sunan Colt da adireshinsa a saman bakinta, lambarta kuma ɗaya ce a kan gaɓoɓinta daban-daban, sannan jikin da ke riƙe da ganga na ƙarfe ne, Colt bai yi shi da tagulla ba. Daga nan ya sassauke sandar da ake danna harsashi da ita, wadda ke kwance ƙarƙashin bakin, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A wurin, fes, cikin hasken da ni da kaina na fito da shi da soson ƙarfe, akwai rubutun Turanci da ke cewa a yi amfani da baƙin albarushi kaɗai, kuma an ƙera ta a Italiya. Ya nuna mini hatimin tauraro a kan baƙaƙen PN, alamar gwajin da ake yi wa bindigogi a can, da wasu baƙaƙe biyu a cikin ɗan murabba'i da suka nuna masa ƙarshen shekarun 1970. Ya ce tun wajen 1959 maƙeran yankin Brescia suke kwaikwayon waɗannan libarbobi don masu sha'awar tarihin yaƙin basasar Amurka, sabuwa dal ma 'yan ɗaruruwan daloli ce. Wato na girmi bindigar da na yi niyyar kai Inna Makka da ita.

Abin mamaki, farin ciki na ji ya lulluɓe ni. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har wani mai sayayya ya waiwayo, domin minti biyar da suka wuce ni mutum ne da ya goge miliyoyi da toka, yanzu kuwa na koma mutumin da ya wanke kwano kawai. Dattijon ya ce shekararsa arba'in a wannan sana'a bai taɓa ganin wanda aka gaya wa kayansa kwaikwayo ne ya yi godiya ba.

Ya taya dala 60. Bakina ya riga ni, na ce masa "albarka" da Hausa, sai da na tsaya na yi masa bayanin ma'anarta. Muka ja, ya ƙara biyar, na rage goma, muka tsaya a 75, ya ce da ban goge ta ba da ya ba ni 120, kuma idan na kawo akwatin zai ƙara 40. Na buga wa uwargida waya, ta ce in yi haƙuri, ta riga ta jera daddawa da kanumfari da masoro a ciki, kuma ko an juye warin ba zai fita ba.

Da na gaya wa Inna gaskiya, abin da ta ce kawai shi ne Allah ya sa ban harbi kowa ba. Yaya ne ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce akwai wata 'yar magana: ya riga ya karɓi rago bashi don walimar da za a yi, kuma mai ragon ya ce ba ya karɓar kayan da aka sallama. Kuɗin ragon ya ninka abin da na samu a libarbar, na haɗa da na aljihuna na aika. Yana nan ɗaure a tsakar gidanmu yana jiran Babbar Salla, yaran gida suna kiransa Ɗan Italiya.