Makaɗa saba'in suna jiran mutum ɗaya ya gyaɗa kai

Muna cikin cunkoso a gadar Ƙofar Nassarawa sai ƙanena ya kai hannu zai canza abin da na kunna a mota. "Yaya, wai wannan kiɗan yaushe zai fara?" A lokacin an fi minti goma ana yi. Faifan Promises ne na 2021, wanda dattijo Pharoah Sanders, mai busa sakzofon a kiɗan jaz na Amurka, ya fitar yana da shekara 80 tare da okestirar London Symphony, wato babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Landan, da wani matashin Ingila mai kiɗan na'ura. Sauti bakwai ake ta nanatawa har minti 46, tsohon yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Na ce masa ya dakata tukuna. Kafin mu kai Gidan Murtala, gogen Turawa sun taso gaba ɗaya kamar hadari, sai na ga ya ajiye wayarsa.

An sha yi wa haɗin jaz da babbar ƙungiyar makaɗa jana'iza, amma ya ƙi kwanciya. A ganina abin da ya riƙe shi ɗaya ne. Mutum sittin ko saba'in suna ɗaure da takarda, ba mai ikon ƙara ko ɗigo, a tsakiyarsu kuma ga mutum ɗaya da aka sakar wa linzami. Tun ranar farko haka abin yake. A watan Fabrairun 1924 a New York, da George Gershwin ya gabatar da Rhapsody in Blue, bai gama rubuta wani sashe na fiyanonsa ba. A nan take ya ƙirƙira, sauran makaɗa suna jiran ya gyaɗa kai su shigo. Duke Ellington ya kai nasa dogon tsarin zauren Carnegie a 1943. Miles Davis da Gil Evans sun ɗauko karin Sifaniya a 1960. Da lantarki ya shigo jaz, John McLaughlin ya jingina jitarsa da London Symphony a 1974. Kayan kiɗa sun yi ta sauyawa, wannan jiran na a gyaɗa kai bai sauya ba.

Shi ya sa nake mamakin masu ce mini wannan kiɗan 'yan boko ne, kunnen Bahaushe ba zai ɗauka ba. Wane kunne? Wanda ya tashi da Shata? Masu kalangu sun riƙe zare, 'yan amshi sun san layinsu ba sa kauce masa, shi kuma yana tsakiya yana zuba baitin da ko shi bai san zai zo ba, don ya hango wani ya shigo fili. In ka taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ka ji mai algaita ya kumbura kumatu yana yawo a saman tambura, kakaki na yanko shi lokaci zuwa lokaci, to ka riga ka san dabarar. Yusef Lateef, ɗaya daga manyan masu busa na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bin diddigin sarewa. Shi ya taso daga can ya zo nema a wurinmu.

Ban ce duk abin da aka haɗa ya yi daɗi ba. Akwai faifan da gogen ba su da aiki sai zaƙi, kamar shayin da aka cika wa sukari don a ɓoye ƙarancin ganye. Ko Charlie Parker da ya yi busa da masu goge a 1949, an zarge shi da bin kasuwa. Sannan ga tsada. Ƙasar Holan tana da Metropole Orkest tun 1945, ƙungiyar da aikinta ke nan, kuma shekara da shekaru kuɗin hukuma ne ya riƙe ta. Wa zai ciyar da makaɗa hamsin a Kano, garin da har yanzu wani uban zai hana 'yarsa auren makaɗi?

Wannan hujja ce, na yarda. Amma kwanaki na shiga wani situdiyo a titin gidan zu, ɗaki ɗaya da fanka da kwamfuta. Yaron da ke aiki, gwani ne ba laifi, ya danna maɓalli a fiyano goge ya fito, ya danna wani sarewa ta fito, cikin awa ɗaya ya haɗa waƙar biki. Na tambaye shi yaushe rabon da mai goge na gaske ya shigo ɗakin. Ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai shi sai ka ba shi kuɗin mota, kuma sautinsa ba ya hawa daidai da fiyano."

Wannan rashin hawa daidai ɗin shi ne abin da masu jaz suka shekara ɗari suna ƙoƙarin shigarwa cikin okestira, sautin da ke zamewa tsakanin maɓalli biyu. Mu muna da shi a goge da kukuma da algaita, muna goge shi da kwamfuta. Ba sai mun tara saba'in ba. 'Yan badujala sun iya karanta takardar kiɗa, masu kotso da gurmi suna nan, abin da ya rage mutum ɗaya ne da zai zauna ya rubuta wa goma sha biyu tsari, ya bar wa mai algaita shafinsa fari.

Da muka iso gida ƙanen nawa bai ce kiɗan ya yi masa daɗi ba. Ya dai ce in tura masa.