Ƙuri'ar 'yan aji huɗu a Hawai, da tambayar da nake yi wa matasanmu

Ƙannena da sa'o'ina, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar ɗakin karatu na kawo muku, kuma daga nesa na ɗauko ta: daga tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda suka zama jiha ta 50 a Amurka a 1959.

A makarantun firamare na can, duk shekara ana yin wani zaɓe wanda babu babba ko ɗaya da ke jefa ƙuri'a a cikinsa. 'Yan aji huɗu zuwa aji shida su ne masu zaɓe, 'yan takara kuwa littattafai ne. Ana fitar da jerin littattafan labari, mai kula da ɗakin karatu ta ware musu kanta guda, yara su yi ta aro suna karantawa wata da watanni, suna musu a kan wanda ya fi daɗi, sannan su kaɗa ƙuri'a. Littafin da ya lashe shi ake bai wa Kyautar Nene. Nene wata irin dinya ce ta waɗannan tsibirai, ita ce kuma tsuntsuwar jihar. Tun 1964 ake bayar da wannan kyauta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaro ɗan shekara 9 an tambaye shi ra'ayinsa a kan littafi, kuma ra'ayin nasa ya shiga lissafi. Yaron da aka yi wa haka ya daina ɗaukar karatu a matsayin horo. Kai da kake karanta wannan rubutu a waya, yaushe rabonka da ka tambayi ƙaninka abin da ya karanta, ba don ka kama shi da kuskure ba, sai don kana son ji?

Sauran hidimomin ɗakin karatun ba wasu abubuwan mamaki ba ne. Aji-aji ake kawo yara su zauna a ƙasa a karanta musu labari da murya, kowa ya ari littafi ya tafi da shi gida. Akan yi baje kolin littattafai. Akan ware wani dare a gayyato iyaye su zauna tare da 'ya'yansu a yi karatu. A watan Fabrairu, wanda jihar ta keɓe wa harshen Hawai, littattafan harshen kan fito gaba. Akwai kuma dattawa, waɗanda suke kira kupuna, da ake ɗauka su shiga ajujuwan firamare suna koyar da waƙe, tatsuniya da tarihin wurin. Wato kaka ta samu kujera a makaranta.

Kada ku ɗauka gata ne ya yi musu yawa. Mutanen nan sun ga samu, sun ga rashi.

Sai a Janairun 1822 aka fara buga harshensu a takarda, a Honolulu. Harshe ne mai haruffa kaɗan, 12 aka tsayar a 1826, wasula 5 da baƙaƙe 7. Sarakunansu ba su bar wa 'yan mishan aikin ba, su da kansu suka zauna suka koya, suka tura malamai ƙauyuka. Sarki Kamehameha na Uku ya faɗa wa jama'arsa cewa mulkinsa mulkin karatu da rubutu ne, kuma a 1840 ya kafa tsarin makarantun gwamnati. Jaridarsu ta farko, Ka Lama Hawaii, ta fito a 1834 daga makarantar Lahainaluna da ke tsibirin Maui, shekara 105 kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Daga nan har zuwa 1948 an buga jaridu fiye da 100 da harshen. Masunta da manoma suna aika wa jarida wasiƙa, da waƙen makoki, da salsalar iyayensu. A ƙarni na 19 suna cikin al'ummomin da suka fi yawan masu iya karatu a duniya.

Sai aka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani a 1893. A 1896 aka yi doka cewa da Turanci za a koyar a makarantu. Aka riƙa hukunta yara in sun yi harshen gida a makaranta, iyaye kuma, don tausayin 'ya'yansu, suka daina yi musu shi. Ba a ƙone jaridun nan ba. Suna nan a ajiye, masu karanta su ne suka ƙare. Zuwa farkon shekarun 1980, in aka cire tsibirin Niihau, yaran da ke jin harshen sosai ba su kai 50 ba.

Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro, kuma shi ya sa nake muku wannan magana. Ba sai an hana mutane littafi suke rabuwa da shi ba. Ya isa a samu tsara guda da ba ta zauna ta karanta wa na bayanta ba.

Waɗanda suka ceto harshen ba su fara da jami'a ba. Wasu malamai da iyaye ne suka kafa ƙungiyar Aha Punana Leo a 1983, ma'anar sunan sheƙar murya, suka buɗe makarantar renon yara ta farko da ke koyarwa da harshen a Kekaha, tsibirin Kauai, a 1984. A 1987 makarantun firamare biyu na gwamnati, Waiau da Keaukaha, suka fara koyarwa da harshen Hawai. Littattafan yara ba su wadata ba, don haka iyaye da malamai suka riƙa ɗaukar littattafan hoto na Turanci, su fassara, su yanka takarda da almakashi, su manna a kan rubutun, shafi bayan shafi. Da hannu aka cika kantocin farko.

To ku fa? Kuna da almakashi, kuna da biro, kuna da wayar da ta fi injin buga littafin Lahainaluna ƙarfi nesa ba kusa ba. Na san amsar da za ku ba ni: makarantar unguwarmu ba ta da ɗakin karatu, ko tana da shi amma an garƙame da kwaɗo. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a ci gaba da nema a wurin hukuma. Amma yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya a aji uku yana jiran a buɗe kwaɗon ba.

Ku haɗu ku biyar. Kowa ya kawo littattafan labari huɗu, na Hausa da na Turanci, a zuba a kwali. Ku je wurin hedimasta da ladabi ku roƙi awa ɗaya a mako. Ku karanta da murya, a hankali, ku bar yara su katse ku da tambaya, kada ku riƙe bulala. Ku roƙi wata gwaggo ta zo ta yi musu tatsuniya, ɗayanku ya rubuta ta, mako mai zuwa yaran su karanta abin da suka ji da kunnensu. Ƙarshen zango ku yanka 'yan takardu, ku sa gwangwani a gaban aji, kowane yaro ya rubuta sunan littafin da ya fi so ya jefa. A gabansu za ku ƙirga.